Sunana a Bakin Hajiya

'Yarmu ce ta kawo maganar wata Lahadi da yamma, a falon gidan da muke haya bayan titin Wendover, a garin Greensboro na Amurka. Ta taso daga Summerfield da kular abinci, ta tarar da tukunya a kan wuta ta ƙone ƙurmus. Matata Hajiya ce ta ɗora ta manta, ni kuma ina salla.

"Baba, wannan karo na uku ke nan," in ji ta. "Ba za ka iya kai kaɗai ba. Akwai gidan da ake kula da masu ciwon mantuwa irin na Mama. Na je na gani da idona, akwai tsabta."

Na ce mata a inda na fito ba a kai uwa ajiya. Ta ce a inda na fito akwai mutum ashirin a gida ɗaya, nan kuwa daga ni sai sandata. Muka yi ta ja, har na gaji na yanke magana: muddin Hajiya ta san ni, tana ɗakinta. Ranar da ta daina sanina, a kawo takardar in sa hannu.

Bayan wata guda 'yarmu ta ce mu tafi Jamaika mu uku, mu yi mako ɗaya, kowa ya huta. Na yarda da sauri, don ina da tawa dabarar. Cikin hunturu ciwon ya fara, kuma Hajiya ba ta taɓa shiri da sanyin Greensboro ba. Na sa a raina cewa idan rana ta gaske ta dake ta, wani abu zai warware.

Aikin haƙar rijiyoyi ya kai ni wurare da yawa, na kuma ga teku iri-iri. Na Kwatano mai faɗa ne, yana jan ƙafar mutum. Na Jidda ɗumi gare shi kamar ruwan wankan jego. Na Zanziba kan janye da safe ya bar mata suna tsintar ciyawar ruwa. Wannan na gaban otal ɗinmu a Jamaika kuwa kamar an yi masa horo, yana kwance shuɗi, an kewaye shi da igiya don kada baƙi su wuce. A bakin ƙofa aka ɗaura wa kowa wani abin hannu na roba, alamar ka ci ka sha duk abin da kake so. Hajiya ta yini tana ƙoƙarin cire nata. Ta ɗauka asibiti aka kwantar da ita.

Rana ta biyu muka ɗauki mota muka hau cikin tsaunuka. Da muka bar layin otal-otal sai ƙasar ta koma tamu: rufin kwano mai tsatsa, awaki a gefen hanya, rogo da kuɓewa a bayan gida, yara da kayan makaranta. Turancinsu na ji shi kusa da burokan Legas, na kama rabi rabi ya wuce ni. Direban ya tsaya a wata kasuwa, inda wata mata ke sayar da jan abin sha cikin kwalabe. Na duba da kyau, zoɓo ne. Hajiya ta gaishe ta da Hausa, har da tambayar mutan gida, matar ta amsa da nata yaren, ba wadda ta damu. Hajiya ta kurɓa sau ɗaya ta yamutsa fuska.

"An cika masa citta. Yarinyar nan ba ta iya zoɓo ba."

Wata uku rabon da in ji ta haɗa magana mai kai da gindi haka. Na juya wajen 'yarmu.

"Kin ji ko? Kin ji uwarki?"

"Na ji, Baba. Zoɓo ta gane."

"Wanda ya gane zoɓo ai ya gane mai sayen zoɓon."

"Allah ya sa," ta ce, ta ci gaba da goge wa uwarta haɓa.

Kwana biyun da suka biyo baya mun yi abin da baƙi ke yi. An kai mu wani ruwa mai zubowa daga dutse, inda Turawa ke riƙe hannun juna suna hawa a jere suna ihu. Mu muka zauna ƙasa a inuwa muna gadin takalma. An kai mu wani tsohon gidan gonar rake, mai rakiya ya nuna mana manyan kasaken da bayi ke dafa sukari a ciki a zamanin da, ya kuma nuna mana inda ake sayar da tsaraba. Hajiya ta yi barci a mota. Ni dai ina ta lura da ita: ta karɓi ruwa daga hannuna, ta bar ni na ɗaure mata takalmi, ta yi dariya da hulata ta faɗa ruwa. Duk na tara su a matsayin shaida.

Rana ta biyar bayan la'asar muna zaune bakin ruwa, 'yarmu ta tafi ɗauko tawul. Sai na ga Hajiya ta gyara mayafinta, ta ja kujerarta gefe kaɗan. Ta dube ni da ladabi ta ce, "Bawan Allah, don Allah ko ka ga…" sai ta faɗi sunana. Sunan yanka, cikakke, har da na mahaifina.

Shekara arba'in da tara muna tare ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Malam take ce mini. Duk mai suna irin nawa, ko jariri ne, mai sunan Malam take kiransa. A ofishin jakadanci, da aka tambaye ta sunan mijinta, takardar ta nuna da yatsa, Baturen ya ɗauka ba ta jin tambayar. A asibitin nan ma 'yarmu ke amsa mata wannan. Matan Faransa da na Masar da na sani suna kiran mazajensu da suna daga wannan ɗaki zuwa wancan, wani lokaci ina saurayi nakan yi sha'awar haka. Yanzu ga shi na ji. Ta faɗe shi da kyau, da ɗan jan wasalin ƙarshe irin na mutanen Katsina.

Na ce, "Hajiya, ai ni ne."

Ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya.

"Kai? Haba Baba, ka ji tsoron Allah. Da wannan furfurar? Shi yaro ne, dogo, yana da keke."

"Ina ya tafi?"

"Kaduna, wai jarrabawa. Ya ce in jira shi."

"Me za ki ce masa in ya zo?"

"Wannan kuma ba ruwanka."

Na tuna jarrabawar. Wata biyu kafin aurenmu na yi ta, na kuma dawo a kan lokaci.

'Yarmu ta iso da tawul, ta tambaye mu me ake wa dariya. Na ce babu komai, hira ce ta tsofaffi. Na ɓoye mata. Na gaya wa kaina zafin rana ne, gobe za ta tashi daidai. Washegari ta ƙi karɓar magani daga hannuna, ta karɓa daga hannun 'yarta. Na ce ai fushi take da ni, mun saba.

Ranar ƙarshe na sallame sallar asuba na juyo, gado ba kowa. Na fita ba takalmi. A bakin babbar ƙofar otal na same ta, mai gadi ya zaunar da ita a kan kujerarsa. Ta ƙulle kayanta cikin zane ta ɗora a cinya, har da sabulun otal. Bayan ƙofar babban titi ne, manyan motoci na wucewa a guje. Ta ce tasha za ta je, ko mai keken ya iso bai gan ta ba. Na miƙa mata hannu, ta kau da kai. Sai da 'yarmu ta zo da gudu da rigar barci sannan ta tashi.

A filin jirgi, Hajiya na gyangyaɗi a keken guragu, na faɗa wa 'yarmu duk abin da ya faru. Ban rage komai ba. Ba ta ce ai ta faɗa mini ba. Tambaya ɗaya ta yi.

"Da bakinta ta faɗa, Baba? Sunanka?"

Na ce da bakinta. Ta juya tana kallon allon jirage.

Mun sauka Greensboro ana ruwa mai sanyi. Cikin makon na sa hannu.

Gidan da take yanzu yana da tsabta kamar yadda aka ce. Kullum bayan azahar nakan shiga bas in je. Tana barina in zauna, amma daga can bakin ƙofa, kuma sai ta yafa mayafi. Turancinta ya tafi gaba ɗaya. Wata ma'aikaciya ta roƙe ni in rubuta musu kalmomin da za su buƙata, na rubuta a kwali aka manna saman gado: ruwa, zafi, sanyi, bayi, sannu. Ta ce in ƙara wadda za su riƙa faɗa idan ta tashi tana neman ƙofa. Na riƙe biron ina tunani har ta ce in bari sai gobe. Yau kwana tara ke nan, ban kai mata ba.