Cajin Motar Hedimasta

Ranar da aka sauke motar Hedimasta a layinmu na Tudun Wada ba ta taɓa fita daga raina ba. Shekarar da kuɗin man fetur ya yi tashin gwauron zabo ce, ana tsakiyar bazara. Ina ƙofar shagona ina warware waya sai ga babbar mota ta tsaya, ta goyo wata farar mota a bayanta. Da aka sauke ta, direban ya shiga ya ja ta zuwa ƙofar gida, babu ƙara babu hayaƙi. Bitrus mai walda ya ajiye aikinsa ya zagaya bayanta yana neman salansa, har da durƙusawa. Ya taso yana kakkaɓe gwiwa ya ce shi dai a ganinsa wannan ba mota ba ce, firiza ce aka sa wa taya.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Sani, wayarin ce sana'ata, kuma na haura shekara talatin ina yin ta. Da wuya ka sami gida a layin nan da ba ni na ja masa waya ba. Shi kuwa Hedimasta, sunansa Malam Idrisu, amma ba mai kiransa da haka. Shi ya koya wa rabin layin karatu a firamare, har da ni, kuma har gobe in ya kira sunana sai na duba ko rigata a ɓalle take. Mutum ne da ba ya ƙarya ko da wasa. In ka tambaye shi yaya ya kwana, in bai kwana lafiya ba zai gaya maka. Da ya karɓi kuɗin sallamarsa, bohol ya haƙa, ya fito da kan famfo waje don kowa ya ɗiba.

Motar kyauta ce daga autarsa Rakiya, wadda ke aiki a Legas. Ta ji labarin ya jingine tsohuwar motarsa saboda tsadar mai, ya koma hawa keke napep da sandarsa, abin ya tsaya mata a rai. Ta daɗe tana tari kafin ta saya masa wannan mai amfani da lantarki, don kada ya sake bin layin gidan mai.

Ni aka kira in haɗa cajar. Caja biyu ta zo da su. Ƙaramar a soket ɗin gida ake sa ta, amma kafin ta cika batirin sai ta kwana ta wuni, mu kuwa wutar da ake ba mu a rana ba ta kai ko kusa da haka ba. Babbar a bango ake kafa ta, tana cika motar a cikin wuni guda, sai dai tana jan wuta kamar an kunna dutsen guga a gidaje da yawa lokaci ɗaya. Na gwada janareton gidan, motar ta ƙi karɓa ƙememe. Don haka na kafa babbar a gareji, na ja mata waya mai kauri daga mita, na binne mata ƙarfen ƙasa, na gwada komai ya yi daidai.

Bari in yi wa sababbin shiga wannan sana'a bayani. Taransifoma tana fitar da layin wuta uku, su muke kira fes, kuma kowane fes da fiyus ɗinsa. Aikin fiyus shi ne ya ƙone in kaya sun yi masa yawa, don kada taransifomar kanta ta ƙone. To fes ɗin da gidan Hedimasta yake kai dama a cike yake maƙil. Injin waldar Bitrus yana kai, ga injin niƙa, ga famfon bohol, ga firizoji uku na Hajiya Kande mai ƙanƙara, wadda da su take riƙe da gidanta tun da mijinta ya rasu.

Ranar farko da ya sa cajin, ba a jima ba muka ji fas daga wajen taransifoma, rabin layi ya yi tsit. Aka kira ma'aikatan wuta, suka zo washegari suka canza fiyus. Bayan kwana biyu haka ta sake faruwa. Kafin mako ya zagayo, ko mai tallan gyaɗa ya gane cewa in Hedimasta ya shiga gareji, to a yi sauri a gama guga.

Amma ba wanda ya buɗe baki. Wannan shi ne abin da nake so ku fahimta game da mutanen layinmu. Hajiya Kande ta zubar da zoɓo da kunun aya ba sau ɗaya ba, amma in ta gamu da shi sai ta ce, Malam, Allah ya sanya alheri, Allah ya yi wa Rakiya albarka. Bitrus ya koma tayar da janareto, yana ƙona man da motar ta ƙi sha. Shi da kansa ya same ni a shago ya ja mini kunne, ya ce in na kuskura na gaya wa tsohon nan, shi da ni ne. Ya ce yarinya ta yi wa ubanta abin kirki, ba da bakinmu za a ɓata shi ba.

Ni kuwa na shiga tsaka mai wuya, don na san ni za a tambaya. Haka kuwa aka yi. Wata safiya Hedimasta ya aiko in zo. Na same shi tsaye a gareji, kan cajar a hannunsa. Ya ce in tsaya a bakin ƙofa in dubi ƙwan fitilar da ke barandar masallaci, wanda ladan ya manta bai kashe ba. Ya cusa cajar, ƙwan ya dushe ya yi ja. Ya zare, ƙwan ya dawo fari. Ya sake yi, kamar yadda yake maimaita mana lissafi a allo.

"Sani, me ka gani?"

Na fara kame-kame, na ce ai taransifomar ce ta tsufa, kuma lokacin zafi ne.

"Ban tambaye ka shekarunta ba. Me ka gani?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Motar ce, Malam."

Ya tambaya tun yaushe mutane suka sani, na ce tun makon farko. Wallahi ban taɓa ganin kunya a fuskar dattijo kamar ta ranar ba, har na ji da ma ƙasa ta buɗe in shige. Ya nannaɗe wayar ya rataye, ya sa na kama masa muka lulluɓe motar da tamfol. Washegari na gan shi a bakin titi yana tsayar da keke.

Haka motar ta zauna har damina ta kankama. Mai ɗakinsa, Inna Hajara, ta gaya mini cewa kullum Rakiya ta kira sai ta tambayi motar, shi kuma sai ya ce tana nan lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Gaskiya ce tsagwaronta, amma ba ita ce duka ba.

Sai ga Rakiya ta kira ta ce ta sami hutu, za ta iso ranar Juma'a. Ta ce kada a turo kowa, Babanta take so ya zo tashar Kwangila ya ɗauke ta da motarsa, ita tana gaba a gefensa. Inna ta ce ranar ko tuwo bai ci ba. Ba zai yi wa 'yarsa ƙarya ba, ba zai sake jefa layi cikin duhu ba, kuma ba ya so ta san cewa abin da ta daɗe tana tarawa ya zama kayan ajiya. A ƙarshe ya yanke cewa da keke zai je, ya gaya mata komai a bakin tasha.

Inna ta kai wa Hajiya Kande maganar, ita kuma ta aiko a kira ni. Ta tambaye ni, in kowa a fes ɗin ya kashe kayansa, fiyus zai ɗauki motar? Na ce zai ɗauka har da sauran wuri. Ta ce to shi ke nan, ranar Alhamis Malam yana zuwa Gyallesu wajen taron 'yan fansho, in an kawo wuta ranar, ta motar ce. Na tuna mata da firizojinta. Ta harare ni ta ce, "Ƙanƙara ce fa, Sani. In ta narke ruwa za ta zama, ruwan ma na bohol ɗinsa ne."

Ni da Bitrus muka bi gida-gida. Na zaci za mu sha musu, amma ko mai injin niƙa, wanda ba ya barin ko allura ta wuce shi, cewa ya yi a sanar da mata su kawo niƙansu tun Laraba.

Ranar Alhamis, Hedimasta yana fita Inna ta buɗe mini gareji. Nan na gamu da wani halin motar da ban sani ba. Ashe ban da babban batirin tana da ƙarami irin na kowace mota, kuma in ta daɗe a ajiye shi ma mutuwa yake yi. Ko murfin cajin ya ƙi buɗuwa. Sai da Bitrus ya ciro batirin janaretonsa muka ba ta, sannan ta farka. Daga nan muka zauna jiran wuta, ba mu da tabbacin za a kawo. Da hantsi ta zo. Na cusa cajar da bismilla, fitilarta ta yi kore.

Ban taɓa ganin layinmu haka ba. Wuta ga ta, mai ƙarfi, amma babu ƙarar walda, babu niƙa, babu rediyo. Rana ta buɗe bayan ruwan da aka yi, gari ya yi gumi. Mata na soro suna fifita da maficai, maza na ƙarƙashin dalbejiya. Wani ya manta ya kunna hita, kafin in kai gidan matarsa ta riga ni kashewa.

Bayan la'asar keke ya sauke Hedimasta. Da farko ya ɗauka babu wuta ne, har ya yi mana jaje. Yana juyawa ya hango tamfol a naɗe da koriyar fitilar tana ƙiftawa. Ya dube ni, na kau da kai. Ya dubi Bitrus, wanda ke zaune kusa da ƙofar ƙarfen da ya yi alkawarin gamawa ranar. Bitrus ya ce, "Malam, yau hutu muke yi." Ya dubi ruwan da ke gangarowa daga ƙarƙashin ƙofar Hajiya Kande.

Na tabbata zai je ya zare cajar, har ya taka zuwa garejin. Sai ya tsaya, ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Ya shiga gida, muka ji ya kashe fankar falonsa, ya fito da tabarma ya shimfiɗa a cikinmu. Ya karɓi mafici a hannun wani, muka ci gaba da shan zafin tare har aka kira magariba.

Ranar Juma'a ya sa farar babbar riga ya je ya ɗauko ta. Da suka shigo layi gilas a sauke, Rakiya tana ta ɗaga wa mutane hannu, shi kuma ya riƙe sitiyari da hannu biyu kamar mai jarrabawar tuƙi. Kowa ya koma gida da murna, asiri ya rufu.

Ana gobe Rakiya za ta koma, ta zo shagona ta gaishe ni. Ta zauna a benci, ta ciro wayarta ta miƙo mini. Hoton motar ne a ciki, da batirinta, da nisan da ta yi. Ashe tun a inda ta saya aka haɗa mata motar da wayarta.

"Yaya Sani, tun ranar da ya daina sa mata caji nake gani," in ji ta. "Kullum in na tambaye shi, so nake ya gaya mini da bakinsa. Shi ya sa ma na ce ya zo ya ɗauke ni. Ranar Alhamis ina ofis na ga batiri yana hawa. Na rasa yadda aka yi, na shiga banɗaki na yi ta kuka."

Na ba ta labarin duka. Ta rufe fuska da gyale, ta jima. Da ta tashi tafiya ta roƙe ni kada in bari Babanta ya san ta sani.

Abin da na ɗauka daga wannan aikin, wanda nake so ku ma ku riƙe, shi ne kada ku kafa wa mutum babban kaya sai kun auna fes ɗin da yake kai, kun kuma zagaya kun ga su waye maƙwabtansa da abin da suke ci da shi. Kada ku jira a kawo ƙara. Fiyus in kaya sun yi masa yawa yana ƙonewa kowa ya ji, amma mutanenmu ɗauka za su yi ta yi suna yi maka sannu da aiki.

Bayan wasu watanni mota ta kawo faya-fayan sola masu yawa da batura daga Legas, aka ce in hau in kafa. Ina kan tsani Hedimasta ya fito ya riƙe mini ƙafarsa, ko da yake na ce ya bari. Ya ɗaga kai ya ƙare wa faya-fayan kallo, sun rufe rufin gidan kaf, har da na gareji.

"Rakiya ta ce wai saboda zafi ne, don in riƙa samun fanka."

"Haka ta ce, Malam."

Ya kalle ni ta saman tabarau, irin kallon da yake mana in ya riga ya san amsar.

"To," ya ce, "saboda zafi ne. Ci gaba da aikinka, ina riƙe da kai."