Juzu'i na Biyu Ya Faɗa Rabon Yaya

Baba ya koyar da adabin Turanci a Funtua har idanunsa suka gaji, daga nan na zama idonsa. Bayan la'asar nakan karanta masa tsofaffin marubutan Ingila, mutanen da sai su cinye shafi guda baƙo bai gama cire hula ba. Shi kuwa yana ta yi wa mutanen cikin labarin faɗa kamar maƙwabtansa. "Kai, wannan attajiri bai da kunya! Ci gaba, uwata."

Akwai wani labari mai juzu'i biyu da ya daɗe yana ajiya, wai sai ya huta da aiki zai ji daɗinsa. Mun gama na farko, mun ɗan taɓa na biyu, Allah Ya karɓi abinsa. Na lanƙwasa shafin da muka tsaya. Burina ɗaya, in ƙarasa mana shi.

Sai ranar rabon gado. Malaman da suka zo, Allah Ya saka musu, ko tsinke ba su bari ba. Da aka gama da gona da shanun huɗa aka iso kan littattafai, suka riƙa jinjina su a hannu kamar masu sayen kabewa. Namiji kashi biyu, mace ɗaya. Juzu'i na farko ya faɗo mini, na biyu ya tafi wajen yayana, wanda duk karatunsa bai wuce bayan buhun taki ba.

Na ce, "Yaya, mu yi musaya mana."

Ya ce, "Haba! Abin da malamai suka raba? So kike ki jefa ni wuta? Bari a kwana biyu."

Tsoron Allahn nan da ya kama Yaya, har damina ta zo ta wuce bai sake shi ba. Da na gaji na hau babur sai gidansa a Maska. Na tarar ya karrama marubutan Ingila ƙwarai: ya jera su a ƙasan sito, ya ɗora buhunan masara a kansu kada danshi ya taɓa hatsi.

Muka ɗaga buhu. Gara ta riga ni. Da yake ba ta yi boko ba, daga dama ta faro, ta cinye ƙarshen labarin tas, ta bar mini ɗan abin da muka riga muka karanta. Na zauna a kan buhun na yi ta kuka, Yaya na ta mamaki: "A kan takarda?"

Yanzu 'ya'yana kan ce, "Mama, ai duk yana cikin waya." Na sani. To in buɗe in karanta wa wa?