Ƙofar Bayan Layin Teloli

Shekara ashirin da uku Kurma mai walda ya yi a rumfarsa ta bakin layinmu. Ba kurma ba ne sosai, ƙarar ƙarfe ce ta cinye masa kunnen hagu. Shi ya yi wa kusan kowane shago ƙofa, kuma da rumfar nan yake ciyar da 'ya'ya shida.

Layin namu matsattse ne, shago goma sha huɗu, mafita biyu. A bakin ta gaba ake jere janareto da jarkokin fetur. Ta baya ƙarama ce, dab da ɗakin da mata teloli tara suke ɗinki.

Da ɓarayi suka shigo ta baya sau biyu, shugaban ƙungiyarmu ya kira taro. Ni ne magatakarda, ni na rubuta abin da aka yanke: a liƙe ta da walda.

Kurma ya miƙe. "Ranka ya daɗe, a bar ni in sa mata sakata ta ciki, yau ɗin nan. In wuta ta tashi a gaba, matan nan ta ina za su fita?"

"Ji mugun baki!" in ji shugaba. "Walda aka ce ka yi, ba wa'azi ba."

"Ba zan yi ba."

"Ashe yau kunnen na aiki," in ji wani mai sayar da katifa a layin. Aka kwashe da dariya.

Suka ɗauko wani daga waje ya liƙe ta. Washegari da hantsi Kurma ya jawo injin yankan ƙarfe, ya farke ta a gaban kowa, yana cewa, "Ku kira duk wanda za ku kira!"

Aka ba shi kwana uku: ko ya sake liƙe ta da hannunsa, ko ya bar rumfar. Matarsa ta zo har layin, ranta a ɓace.

"Malam, 'yarka ce a ɗakin?"

"'Ya'yan wasu ne."

"To naka fa, ƙofa za su ci?"

Duk da haka bai liƙe ta ba.

Mutum talatin da ɗaya ne a taron korarsa. Babu wanda ya buɗe baki, har telolin, don su ma haya suke yi. Wannan shirun ne har yau yake ƙona min rai.

Ranar Alhamis ya loda kayansa a amalanke. Yanzu a bakin titi yake walda cikin rana, kullum ana tashinsa. Ƙofar kuwa an sake liƙe ta, wannan karon da ƙarfe biyu a gicciye.