Baba Ban-Yarda-Ba, Mai Gyaran da Ba Ya Gogewa da Ka

Ƙarfe takwas yake ɗaga ƙofar shagonsa da ke ƙarƙashin bene. Ya share teburi, ya goge tabarau, sannan ya juya fuskar kwamfuta ta kalli bencin masu kawo gyara. Shekara ashirin da biyu ke nan, kuma a ƙarshen watan nan zai ajiye sukuddireba, idanu sun gaji. Baba Ban-Yarda-Ba ake ce masa, don ko me ka gaya masa game da na'urarka, amsar ke nan.

Mu iyaye mata ba ma sakin jiki da masu gyara. Hotunanmu na cikin gida da na 'ya'yanmu suna ciki, wa ya san idon da zai bi ta kansu? Da wannan zargin maƙwabciyata Maman 'Yan Biyu ta je masa, goye da ɗan da ya rage mata, don ɗayan ya rasu bara. Ma'ajiyar kwamfutarta a rabe take gida biyu. Ɓangare ɗaya ya cika har ba ta motsi, ɗayan kuwa ko buɗuwa ba ya yi.

"Baba, goge shi kawai ka haɗe su. Ƙanin mijina ya duba, ya ce ba komai ciki."

"Ban yarda ba."

"Shi ma fa ya san kwamfuta."

"Ni ma na san mota, 'yata, amma kada ki shiga in ni ne direba. Dubi layin nan da ke nuna ɓangaren, rabinsa a cike yake. In na goge, ya tafi ke nan."

Zargi ya taso mata. Tsohon nan so yake ta bar masa ita ya yi bincike? Ta jawo jakarta.

"Ba zan bar ta ta kwana a nan ba."

"Wa ya ce ki bari? Zauna nan."

Ya yi 'yan danne-danne, ɓangaren ya fito. Bai buɗe shi ba. Ya tura mata linzamin kwamfutar, ya juya kujerarsa ya fuskanci bango. Ta ɗan jima tana kallon ƙeyarsa, ko zai waiwayo. Bai waiwayo ba.

Da ta buɗe, sai ga bidiyoyin tagwayenta, suna rarrafe suna ƙwacen cokali ɗaya. Ta ɗauka duk sun tafi da wayar da aka sace mata, ashe mijinta ya kwafe su nan ya manta.

Baba ya ji kukanta, ya ce wa bangon, "Akwai fulash, 'yar ma'ajiyar kwafe abubuwa, a aljihun teburi. Kwashe tukuna, ki ƙirga su sau biyu." Sai da ta gama ya juyo, kuma ita ya sa ta danna madannin gogewar da yatsanta.

Kai ne mai gyaran da ya fi mu zargi, Baba. Mu kai muke zargi, kai kuma kalmar "ba komai ciki" kake zargi. Kai ne mai kawar da ido daga abin da ba naka ba. Mun gode, Allah Ya ƙara wa idanun nan haske.

Ku kuma masu tasowa a sana'ar, ku je ku zauna kusa da shi kafin wata ya ƙare. Yaron nan zai girma ya ga fuskar ɗan'uwansa, don wani tsoho ya ƙi yarda.