Gafakar da Baba ya ce kar a ƙona

Na haura arba'in kafin na shiga ajin yaƙi da jahilci a Ƙofar Sauri. Ranar da na karanta allon wani shago da kaina, ban koma ɗakina ba, gidanmu na wuce a Ƙofar Marusa don in gaya wa Baba. Lokacin idonsa ya riga ya tafi. Ko barka bai yi mini ba, ya ce in sauko masa da gafakar da ke rataye a bango.

Tasowa muka yi muka tarar da jakar fatar nan. Takardu ne a ciki, sun yi ja don tsufa, kakansa ya zo da su daga fatauci. Rubutun ba Larabci ba ne, ba ajami ba, ba boko ba. Baba ya kai wa malaman zaure, ya kai wa na jami'a, kowa ya jujjuya ya mayar masa. In ɗaki ya yi yoyo da damina, gafakar yake fara lulluɓewa kafin kansa.

Ya ce, "Ke da kika yi karatun zamani, duba mani."

Na duba har idona ya kawo ruwa. Ko baƙi ɗaya ban gane ba.

Yayana yana zaune a bakin ƙofa. Ya ce, "Baba, ka daina wahalar da yarinyar nan. Wani ɗan damfara ne ya zana sawun kaji ya sayar wa kaka. Shafi bayan shafi, ba inda aka soke kuskure. Wa ke rubutun gaskiya bai kuskure ba?"

Na ce, "Yaya, ni ce yarinya, da jikokina? Wane maƙaryaci zai zauna ya ja layi, ya sa jar tawada a kan kowane shafi, don ya cuci bafatake ɗaya?"

"Wanda ya san bafataken bai iya karatu ba."

Maganar ta soke ni.

Baba ya laluba ya kama hannuna. "Ke mi kika gani? Ƙarya nake ta gadi tun ina saurayi?"

Da na ce masa addu'o'i ne, da ya yarda. Amma ni ban iya wannan ba. Na ce, "Baba, ban sani ba. Shi ma Yaya bai sani ba, baki ne kawai gare shi."

Ya daɗe yana shafa takardar. Can ya ce, "To kar a ƙona sai an sani."

Bai ga ƙarshen daminar shekarar ba, Allah ya ji ƙansa. Bayan an share makoki Yaya ya ce a ba mai ƙosai takardun ta riƙa ƙunshi da su. Na sa gafakar cikin mayafina, na fita ta gabansa.

Tana bangon ɗakina yanzu. Bayan boko na koma Islamiyya na koyi baƙin Larabci, ko zan tsinci wani abu, ban tsinta ba. Wani lokacin in na buɗe sai in ga sawun kajin da Yaya ya faɗa, in rufe da sauri. Idona ya fara hazo irin na Baba, kuma cikin 'ya'yana ba wanda ya taɓa tambayata mene ne a ciki.