Ranar da Mai Toshe Jirgi Ya Huda Jirgi

Shekara arba'in Bilyaminu ya yi a bakin ruwan Warra yana gaba da abu ɗaya, wato yoyo. Duk jirgin da ya fara shan ruwa, wurinsa ake jawo shi. Ya cusa auduga a tsaga, ya shafe da kwalta, ya buga fallen ƙarfe da ƙusa, sannan ya ce a tafi. Mutum ne da ko ƙwarya ya gani da tsaga a gidan mutane sai hannunsa ya fara ƙaiƙayi. Da ciwon baya ya zaunar da shi gida, sai ya rasa abin yi, ya koma liƙe bokitan matarsa Dudu, har waɗanda lafiyarsu ƙalau.

Ana haka 'yarsu Sa'adatu, da ke aure a Shanga, ta samu cikin fari. Dudu ta fara lissafa kayan yajin jego, wanda ake daka wa mai haihuwa a kuma raba wa dangi: barkono, citta, kanumfari, masoro, tafarnuwa. Bilyaminu na jinta, abin ya sosa masa rai. Komai na jego hannun mata ne, shi uba sai dai ya zauna a zaure a yi masa barka. Nan take ya ce tafarnuwar kada a saya, shi zai noma ta. Dudu ta tuna masa cewa ko barkono bai taɓa shukawa ba, kuma ba shi da gona. Ya nuna mata tsohon jirginsa da ke kife a bayan ɗaki.

Maganar ba ta tsaya a gida ba, don Dudu ba ta iya riƙe abin dariya. Kafin mako ya zagayo ta kai Shanga, gidan surukai manoman albasa, kuma Sa'adatu ta aiko cewa tana jira.

Da sanyi ya fara shigowa ya birkice jirgin. Ya ga katakon gindin ya tsattsage, sai ya yi abin da ya iya: kwana biyu yana toshewa, har ya tabbatar ko ɗigo ba zai fita ba. Ya cika shi da ƙasa da yashi da kashin awaki, ya ɓare tafarnuwa ƙwaya-ƙwaya, ya dasa tsinin yana kallon sama kamar yadda aka gaya masa. Ruwa kuwa safe da yamma, ba rowa. Ganye ya fito kore shar, Bilyaminu yana ta kiran masu wucewa su leƙo. Bayan mako uku ganyen ya yi rawaya ya kwanta. Da ya tona, sai wari.

Maƙwabcinsa Yusha'u, mai lambun albasa, ya zo ya cusa hannu cikin ƙasar ya fito da shi jage-jage. Ya duba gindin jirgin, ya yaba aikin ƙwarai, ya ce bai taɓa ganin toshi mai kyau haka ba, kuma shi ne ya kashe tafarnuwar. Ruwa ya rasa hanyar fita, saiwar ta ruɓe. In ana so a sake, to a cikin makon nan, kafin sanyi ya wuce, kuma sai an huda gindin.

"In huda jirgi?" in ji Bilyaminu. "Ni?"

"Wanga ba jirgi na ba yanzu, Malam. Gona ta."

Kwana uku yana zagaya jirgin bai taɓa shi ba. Ya gwada kwarfe ruwan da ƙoƙo, ya gwada jingine shi a karkace. Dudu ta daina dariya, ta ce a hankali za ta sayo a kasuwar Yelwa, ba wanda zai sani. Wannan tausayin ya fi tsokanar yi masa zafi. Ya kwashe ƙasar, ya ɗauko babbar ƙusa da guduma, ya ce wa Dudu ta shiga ciki kada ta kalla. Huda goma sha biyu ya yi, kowace da bisimilla, yana jin kunya kamar wanda aka kama yana ɓarna.

Ya mayar da ƙasa, ya sake dasa tafarnuwa. Wannan karon ganyen ya tsaya. Ya koyi taɓa ƙasa da yatsa kafin ya ba da ruwa, ya koyi kallon ruwa na zuba ta gindin jirgi ba tare da ya zabura ba, kodayake ya ce har yau sai ya kau da kai.

Sa'adatu ta haihu da zafi ya fara, namiji. Kawunan tafarnuwar da aka tona ƙanana ne, wasu ba su fi goro ba, kuma da kyar suka cika kwano ɗaya. Bilyaminu ya dube su ya ce gara a haɗa da na kasuwa, kada a ji kunya a gaban manoma. Dudu ta ƙi. Ta shanya su, ta daka yajin da su kaɗai.

Ranar suna yana zaune a zauren surukai, sai ya jiyo muryar Dudu daga cikin gida tana raba yajin ga mata. Duk wadda ta miƙa wa ƙulli sai ta ce, "Tafarnuwar ta Malam ta, shi yan noma ta da hannunai." Ya ƙirga har sau tara ta faɗa, sannan ya sunkuyar da kai yana gyara hular da ba ta karkace ba.