Itacen da Munbarri Ya Ƙi Sarewa

Mijina Munbarri ba ya iya wuce bishiya bai ƙwanƙwasa ta ba. Ko kaguwa muka fita nema, sai in waiga in hango shi can baya, ya manna kunne a jikin itace yana bugunsa da bayan gatari, ni kuwa rana tana gasa ni da buhu a ka. Aikin gara yake saurare. Idan ta cinye cikin bishiyar ta bar rami tun daga sama har ƙasa, amon yakan fito wayam, to wannan yidaki ce, dogon abin busarmu na itace, tana jiran mai sara. Idan kuma ya ji ta cushe, sai ya shafa ta ya ce, "Ba ki nuna ba tukuna," ya wuce.

Sana'arsa ke nan tun yana saurayi a ƙauyen nan namu na bakin teku, a gabashin yankin Arnhem. Ya saro, ya ɓare ɓawon, ya jiƙa ta a ruwan gishiri, ya kankare cikin da dogon ƙarfe, ni kuma in yi mata ado da jar ƙasa da fara. Sannan ya busa. Ni ban taɓa kai ta bakina ba, a wurinmu ba aikin mata ba ne. Amma tun ina amarya nake rawa a bayan busarsa, a kaciya da makoki, har ƙafata ta kai ga sanin kuskuren mai busa tun kafin shi ya sani.

Da rani, in hanya ta bushe, Turawa sukan zo koyo. Su dijiridu suke ce mata. Kowa ya zo sai Munbarri ya zaunar da shi a kan tabarma, ya miƙa masa shayi a gwangwani, ya tambaye shi, "Me ya kawo ka?" Mun sha jin amsoshi. Wani Bajamushe ya ce ya bar taba, bakinsa yana neman abin riƙewa. Wani ɗan Japan ya ce ya ji sautin a tashar jirgin ƙasa, ya tsaya yana hawaye har jirginsa ya tafi ya bar shi. Wani mai in-ina ya ce a cikin itacen nan kaɗai numfashinsa ba ya tuntuɓe. Akwai wanda ya ce yana neman kansa ne. Na ce wa Munbarri da harshenmu, "Tambaye shi a ina ya ajiye." Tsohon bai taɓa raina dalilin kowa ba, ni ce dai mai baki. Yakan ba su tsinken shan lemo da kofin ruwa, ya ce su yi ta hura kumfa kada ta yanke, suna jan iska ta hanci. Su yini suna ƙwarewa, mu yini muna dariya.

Akwai bishiya guda a bayan fadama da ya ɗaura wa jan ƙyalle. Tun shekarun baya ya ce da ita za a yi yidakin da za a busa ranar da za a binne shi. Ta nuna tuntuni, amma ya ƙi sarewa.

"Wa zai busa?" abin da yake cewa ke nan. "In sare in jingine wa ɓera?"

A wurinmu ɗan 'yar'uwa shi ke tsaya wa kawunnansa a irin wannan rana. 'Ya'yan ƙannensa mata kuwa duk sun watse: wani yana aikin ma'adinai, wani ƙwallo ta ɗauke shi, wani giya. Gara kuma ba ta san jira ba. Kowane rani ya je ya ƙwanƙwasa, ya dawo, ni na san jikin itacen ƙara sirancewa yake yi.

Sai ga maganar haƙora. Munbarri yakan zuba sukari a shayi har sai cokali ya kusa tsayuwa, na yi magana har na gaji. Likitan da ke zuwa da ƙaramin jirgi ya duba bakin, ya ce na gaban nan ba su da sauran amfani, ya cire su. Da dasashin ya warke, tsohon ya ɗauki yidakinsa ya zauna gindin mangwaro. Leɓen ya rasa abin jingina, iska ta riƙa zurarewa ta gefe. Abin da ya fito, jikokina ma sun ji kunyar yin dariya. An yi masa haƙoran roba, ya hura sau ɗaya suka faɗa cikin ramin suka fito ta ƙasa. Daga ranar bai sake ba. Kunnensa na dama ma ya fara nauyi, ko da yake in ka faɗa masa haka sai ku ɓata. Na tausaya masa ƙwarai, don mutum ne da ba ya kuka, sai dai ya daina cin abinci.

Cikin wannan hali ne wata mota ta tsaya a ƙofarmu, wani ƙato mai tumbi ya fito. Ina ganin ko wane ne na juya baya na ja zanena. Ɗan ƙanwar Munbarri ne, direban bas a birnin Darwin, wanda rabonsa da gida tun yana da gashi a ka. Ba zan faɗi sunansa ba, don ba na faɗa. Matar kawu a wurinmu suruka ce tun daga haihuwa, ko ya auri 'yarta ko bai aura ba. Ba ma magana, ba ma haɗa ido, ba na miƙa masa abu hannu da hannu. In na biyo hanya ya ratse daji.

Daga bayan ɗakin girki nake jin su.

"Waku," in ji Munbarri, haka kawu yake kiran ɗan 'yar'uwarsa, muryarsa har rawa take yi don murna. "Me ya kawo ka?"

"Kawu, minshari."

"Me?"

"Minshari, Kawu. Matata ta kore ni baranda. Likita ya ce numfashina yana ɗaukewa cikin barci, in na yi gyangyaɗi a kan sitiyari aikina ya tafi. Wani fasinja ya ce wai busa dijiridu tana magani."

"Busa me?"

"Yidaki, Kawu. Yi haƙuri."

Tsohon ya karɓi wannan dalili daga bakin Turawa ba sau ɗaya ba, bai ji komai ba. Amma daga bakin jininsa, sai ya ji kamar an mare shi. Can ya ce, "Tsohuwa, a kawo wa wannan Baturen tsinke da kofi." Na ajiye a kan kututture, na koma.

Gaskiya ɗaya, mutumin yana da huhu. Kafin wata ya ƙare yana hurawa ba yankewa, har kwanukana suna kaɗawa a kan kanta. Munbarri ya fara koya masa busar waƙoƙin gidansu, yana yi masa da baki yana buga sandunan kiɗa, ya ɗora tafin hannu a jikin itacen don ya ji abin da kunnen ya hana shi. Ya san akwai abin da bai zauna ba, amma ya kasa gane ko mene ne. Sai dai ya yi ta cewa, "Sake. Ba haka ba. Sake."

Ni kuwa na ji tun ranar farko. Mutumin yana jan numfashi ne a lokacin da ya ji bukata, kamar mai shan magani. Alhali kowace waƙa tana da wurin da ake jan numfashinta, daidai inda mai rawa yake ɗaga ƙafa. Shi yana makara kaɗan, kuma kumatunsa ke aikin, harshen yana kwance. Na faɗa wa Munbarri da muna cin kifi.

"Ke da ba ki taɓa busawa ba?"

"Kai da ba ka ji fa?"

"Kunnena ƙalau."

"To me na ce yanzu?"

Ya ɗauki kifinsa ya koma gindin mangwaro.

A kwanakin ne aka aiko cewa yayan Munbarri, babban gidansu, jiki ya yi tsanani, an dawo da shi daga asibiti don ya ƙarasa a ƙasarsa. Kowa ya san ma'anar haka. Rannan da hantsi ina saƙar tabarma na ba su baya, suna ta fama da waƙar iskar yamma wadda ake raka mamaci da ita. Munbarri ya jefar da sandunan ya ce, "Bari, waku. Koma Darwin. Minsharinka dai ai ya ragu. Za mu aro mai busa daga wani gida." Na ji ƙarar yidakin da aka ajiye a ƙasa. Raina ya ɓaci.

Karenmu Sajan yana kwance kusa da ƙafata, wani ramamme mai kunne ɗaya a karye. Na dube shi na ɗaga murya.

"Sajan! Kai Sajan, da kai nake. Kare ya yi ta kumbura kumatu kamar kwaɗo, harshe yana barci a baki? Ta da harshen nan, ya bugi bayan haƙora!"

Sajan ya buɗe ido ɗaya.

"Kuma Sajan, ba in ka ji za ka mutu ne za ka ja iska ba. Dubi ƙafata. In ta tashi, ja. In ta sauka, buga."

Na miƙe, bayana yana wajensu, fuskata tana wajen karen, na fara taka rawar a kan rairayi. Ban waiga ba. Can na ji an ɗauki itacen. Ya hura, ya makara.

"Ka makara, Sajan."

Ya sake.

"Yanzu kuma ka yi gaggawa, wa ke korar ka? Wannan ba fitilar kan titi ba ce."

Sai na ji ƙaton nan ya yi gyaran murya, ya ce a hankali, shi ma da karen yake, "Sajan, a tambaya mini, a juyi na biyu ma haka ne?"

"Sajan, ka ce haka ne, sai dai a nan sau biyu ake ja, gajeru."

Munbarri ya ce, "Yau na ga ikon Allah, kare ya ƙwace mini ɗalibi." Amma ya sunkuya ya ɗauki sandunansa.

Haka muka yi ta yi kowace safiya. Babu dokar da aka taka, ban yi masa magana ba, bai yi mini ba. Matan ƙauye suka riƙa zuwa kallo suna riƙe ciki. Sajan ya yi ƙiba, don surukina kullum sai ya kawo masa kan kifi, wai kuɗin makaranta. In karen ya tashi zai bi ƙadangare, sai an riƙo shi, in ba haka ba darasi ya tsaya.

Yayan Munbarri ya cika kafin saukar damina. Ba ma kiran sunansa yanzu. Dangi suka zo ta mota da kwalekwale da jirgi, aka kafa rumfuna, aka shafa farar ƙasa a jiki. Ranar rakiya Munbarri ya zauna gaba da sandunansa, ɗan ƙanwarsa a gefensa, bakin yidakin a kan ƙasa. Ina cikin layin mata. Na hango gefen rigar surukina ya jiƙe sharkaf tun ba a fara ba.

Tsohon ya ɗaga waƙar iskar yamma. Busar ta shigo a ƙarƙashinta. Na ɗaga ƙafa, na ji an ja iska. Na sauke, na ji bugun a tafin ƙafata. Muka shiga juyi na biyu, gajeru biyun suka zo a wurinsu. Daga nan na daina saurare, na yi rawata, na yi kukana na mutumin da ya tafi. Wata tsohuwa daga tsibiri ta raɗa mini, "Wane ne wannan? Busar Munbarri ce sak." Na ce mata direban bas ne.

Bayan an watse, tsohon ya ci kunkurun teku har ya nemi ƙari, abin da rabonsa da yi tun ranar haƙora. Matar surukina ta bugo waya daga Darwin tana tambaya ko an dace. Munbarri ya ce mata, "Minshari yana nan, 'yata, mu ma nan ba ma barci. Sai dai yanzu a kan kiɗa yake yi." Shi dai mai minsharin ya rantse ya daina gyangyaɗin rana, ya kuma ce zai riƙa zuwa duk hutu.

Ana gobe zai koma, da sassafe Munbarri ya ɗauki gatari ya ce mu je bayan fadama. Su biyu a gaba, ni da Sajan can baya. Jan ƙyallen ya koɗe ya koma fari. Tsohon ya ƙwanƙwasa, ya manna kunnen hagu, ya daɗe. Sannan ya juyo wajena.

"Tsohuwa, zo ki ji mini. Kunnen nan ba ya ji."

Surukina ya matsa gefe ya juya baya. Na zo na sa kunne, ya buga. Amon ya fito wayam, siriri, amma da sauran nama a jikinsa.

"Ta kusa wucewa," na ce. "Amma ba ta wuce ba."

Munbarri ya sauke numfashi. Ya kwance ƙyallen da hannunsa, ya sa a aljihu, ya miƙa wa ɗan ƙanwarsa gatarin.

"Sare ta, waku. Daga nan ƙasa, a hankali. Tawa ce, kai za ka busa."